Giwayen Dutse a Siton Al Qusais

A shekarun da na yi ina aiki a wani ofishin zanen gine-gine a unguwar Al Khabaisi ta birnin Dubai, teburina yana maƙwabtaka da na wata mata 'yar kudancin Indiya, wadda kowa a ofishin yake kira Madam. Ta girme ni nesa ba kusa ba, furfura ta fara cin goshinta, kuma ita take duba duk zanen da na yi kafin ya fita. Ba ta da yawan magana. Idan layi ya karkace, sai ta ɗora yatsa a kansa har sai na gani da kaina.

Ni a Zariya na yi karatu. Na zo Dubai da zumuɗin zan zana dogayen benaye, sai na ɓuge da zana ban-ɗakunan otal da kicin ɗin masu kuɗi. Da rana mukan ci abinci tare, ita da 'yan kwanoninta na silba masu hawa-hawa, ni da abin da na ɗumamo daga gida. A irin wannan zama ne wata rana na hango hoton wani gini a fuskar kwamfutarta, baƙi-baƙi mai ratsin kore, ko'ina a jikinsa sassaƙa ce, babu inda za ka ɗora tafin hannu a kan dutse lami. Na tambaye ta mene ne.

"Ɗakin bautar ƙauyenmu ne," in ji ta.

Na ɗan ja baya. A gidanmu ko hoton mutum ba a ratayewa a bango, balle gunki. Amma idon mai zane ba ya jin kwaɓa. Na ce mata ban gane yadda bangon yake shiga yana fita ba. Sai ta ture kwanoninta gefe, ta jawo farar takarda, ta zana mini harsashin.

Tauraro ne. An fara ɗaga babban dakali mai siffar tauraro, sannan aka ɗora ginin a kansa yana bin kusurwoyin, shi ya sa bangon yake naɗewa kamar ninkin babbar riga. Ta ce hikimar ita ce a samu fili mai yawa na sassaƙa, kuma duk inda rana ta juya inuwa ta sake fasali. Masu ziyara a kan dakalin suke zagayawa, suna karanta bangon daga ƙasa zuwa sama. Layin da ya fi kowanne kusa da ƙasa giwaye ne, hanci na bin wutsiya, domin giwa ce mai ɗaukar nauyi, kuma duk yawansu ba za ka sami biyu masu tafiya iri ɗaya ba. A samansu dawakai da mahaya, sai yaɗon ganye, sai labaran yaƙe-yaƙensu. Dutsen kuwa, in an haƙo shi sabo, laushi gare shi kamar sabulu, sai ya sha iska yake taurara. Shi ya sa suka iya fere ginshiƙai sumul kamar yadda kafinta yake fere ƙafar kujera a inji. Babu siminti, babu kwaɓi, dutse ne yake kulle dutse. In ka shiga ciki, zaure ne mai ginshiƙai, haske kaɗan yana shigowa ta ragar dutse, daga can ƙurya kuma wani ɗan ɗaki mara taga, wanda sunansa a yarensu yake nufin mahaifa.

Ta ce ba sarki ne ya gina ba, wani jarumin yaƙinsa ne ya gina don tunawa da mahaifiyarsa, kusan zamanin da Kanawa suke ɗora badala. Daga baya mayaƙa suka zo daga arewa suka farfasa abin da suka iya, sarautar ta shuɗe, hasumiyar da ke kan ginin ta rushe da kanta, amma matan ƙauyen ba su daina share dakalin ba. Ni ma na ba ta labarin tsohon masallacin Zariya, da yadda magina suka tanƙwara azara da laka suka yi bakan gizo. Ta sa na nemo mata hotuna, ta daɗe tana kallo.

Abu ɗaya ta faɗa da muryarta ta sauya. Ta ce a ƙarƙashin indararon rufin akwai mutum-mutumin 'yan rawa da suke tallafe da shi. Tana budurwa aka wayi gari babu biyu daga cikinsu. Ɓarayi ne suka yanke su daga idon sawu, suka bar ƙafafun a manne.

Ana nan sai Kawu ya zo. Yayan mahaifiyata ne, ɗan kasuwar kayan gini a Ƙofar Ruwa, yana zuwa Dubai sarin tayil da fanfuna, kuma kullum a unguwar Al Sabkha yake sauka. Mutum ne mai kyauta da barkwanci, bai taɓa zuwa bai kawo mini kilishi da yajin Hajiyarmu ba. Ranar Asabar ya kira ni, na same shi a wani gidan abincin 'yan Najeriya da ke saman bene, 'yan kasuwa sun cika wurin, kowa da waya a kunne, wannan yana "yalla, yalla," wancan yana rantsuwa kwantenarsa ta tashi tun makon jiya.

"Injiniya!" Haka yake kirana, ko da yake na sha gaya masa ba injiniya ba ce ni. "Zauna, 'yar nan. Aiki na kawo miki."

Ashe ɗakin taron biki yake ginawa a Kano, kuma yana son ƙofar shiga ta zama abin da ba a taɓa gani ba. Wani dillali ya kai shi wani sito a Al Qusais inda ake sayar da tsofaffin duwatsu. Ya miƙo mini wayarsa yana suɗe hannu.

"Orijina ne, in ji su. Sun fi kakan kakana tsufa. Ki zana mini inda za a kafa su."

Na kalli hoton. Giwaye ne a jere, hanci na bin wutsiya, dutse baƙi mai ratsin kore. Na ture kwanon tuwon da ke gabana.

"Kawu, daga ina suka samo waɗannan?"

"Ina ruwana? Ni kaya na gani, kaya zan saya."

Ranar Litinin na nuna wa Madam hoton, wanda Kawu ya turo mini. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake kallo. Ta ce ba na ƙauyensu ba ne, amma hannun masassaƙan yankinsu ne, kuma akwai ƙananan ɗakunan bauta irin wannan birjik a ƙauyuka, babu mai gadi, babu katanga. Sannan ta ce, "Ki kai ni." Da na gaya wa Kawu zan zo da wadda ta san duwatsun, murna ya yi. Ya ce Allah ya kashe ya ba shi, ya sami mai tantance masa kaya ba ko sisi.

Da zafin rana muka je, a motar dillalin. Siton yana can bayan wasu garejin gyaran mota, ƙofarsa ta kwano ce mai naɗewa sama. Ana ɗaga ta wani wari ya tare mu, na jiƙaƙƙen kwali da fitsarin kyanwa da ruɓaɓɓen abinci, ga turare mai ƙarfi da aka fesa a kai don a rufe, wanda ya ƙara dagula lamarin. Na sa gefen mayafina na toshe hanci. Masai na tangaran ne jibge har rufi a gefe guda, a ɗaya gefen tayil da tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗigar da baƙin ruwa. A tsakaninsu muka ratsa.

Mai siton ya fito yana buɗe hannuwa. Gajere ne mai tumbi, zobba a yatsunsa, gashinsa ya sha mai har yana naso a wuyan riga. "Habibi! Alhaji!" ya rungume Kawu kamar ɗan'uwansa. Mu kuwa ya yi mana kallo ɗaya ya kau da kai.

Duwatsun suna can ƙarshe, wasu cikin akwatunan katako, wasu a yashe a ƙasa kan tsofaffin tayoyi. Abin da na fara gani shi ne layin giwayen. An yayyanka shi gunduwa-gunduwa kamar rake, daidai tsawon akwati, ba tare da an duba inda zarton zai bi ba. Wata giwar kanta yana wannan akwati, gindinta yana wancan. Bayan kowane yanki fari ne fat, sabon yanka, da sawun haƙoran inji. Ga ginshiƙi, irin wanda Madam ta kwatanta mini, sumul kamar madubi, an datse shi uku. Ga wani faffaɗan dutse na rufi mai furen bado a tsakiya, kowane ganye da jijiyoyinsa, an huda cibiyar furen da inji an zura bututun roba.

"Na feshin ruwa ne," in ji mai siton da ya ga ina kallo. "A tsakar gida. Larabawa suna so sosai."

Madam ta durƙusa a gaban giwayen, ba ta damu da ƙazantar da ke ƙasa ba. Ta shafa bayan ɗaya, ta leƙa ƙarƙashinsa. Ta kira ni a hankali ta nuna mini wani ɗan rubutu a gindin dutsen. Ta ce sunan masassaƙin ne, sukan rubuta a ƙasan aikinsu. Zarto ya raba sunan biyu.

Kawu ya matso. "Tambaye ta, 'yar nan. Na gaske ne ko jabu?"

Na tambaye ta. Ba ta ɗago ba ta ce wasu sababbi ne, an shafa musu baƙin man takalmi da ƙasa don su yi kama da tsofaffi, amma giwayen da ginshiƙin da furen na gaske ne. Na juya wa Kawu maganar. Ya washe baki ya ce Alhamdu lillahi.

A jingine da bango kuma akwai mutum-mutumin wata mace mai rawa, tsawonta bai wuce ƙuguna ba. Ta karkata ƙugu, hannu ɗaya a sama, ɗayan a buɗe kamar mai karɓar wani abu. Awarwaron hannunta an sassaƙa shi daga dutsen da aka yi hannun, amma yana motsi in ka taɓa. Ba ta da ƙafafu, daga idon sawu aka yanke. A cikin buɗaɗɗen tafin hannun nan kuwa guntayen sigari ne cunkushe da toka. Muna tsaye mai siton ya zuƙi ta bakinsa ya murje ta a ciki, ya yi kaki ya tofar a gefenta, yana ci gaba da yi wa Kawu bayanin yadda za a rubuta kayan a matsayin adon lambu, a cusa su tsakanin tayil, babu mai buɗewa.

Kawu ya zagaya mutum-mutumin yana shafa gemu. "Aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Amma ni Musulmi ne. Ba zan kafa gunki a wurina ba, mala'iku ba za su shiga ba. Sai dai in za a cire fuskokin. Har na giwayen."

Na zaci mai siton zai ce a'a, ko don darajar kayansa. Dariya ya yi. "Khalas, shi ke nan, Alhaji, abu mai sauƙi! Da yawa suna neman haka. Bari ka ga samfur."

Ya ƙwala kira. Wani lebura ya fito daga bayan kwalaye, magidanci ne siriri, ya ɗaure fuska da tsumma, riƙe da injin gurza ƙarfe irin na masu walda. A wuyan hannunsa akwai jan zare irin wanda Madam take ɗaurawa. Da aka nuna masa abin da zai yi sai ya tsaya. Mai siton ya daka masa tsawa. Mutumin ya taɓa dutsen da yatsunsa, ya taɓa goshinsa, sannan ya kunna injin.

"Kawu, don Allah ka hana shi," na ce.

"Samfur ne kawai."

Ƙarar ta cika siton. Hanci ne ya fara tafiya, sai leɓɓa, sai idanu. Ƙura mai launin toka da kore ta turnuƙe, ta shiga bakina, na ji ta a haƙorana kamar na tauna alli. Kafin ka ce kwabo, abin da wani ya zauna ya yi watanni yana fitarwa, abin da ya tsira daga mayaƙa da ruwan sama na ɗaruruwan shekaru, ya koma fari fat kamar bayan faranti. Kitson kanta da 'yan kunnenta suna nan, fuskar ce babu. Mai siton ya lakaci yawu da babban yatsa ya goge wurin, ya ce wa Kawu, "Ka gani? Halal!"

Na ruga waje, na tsuguna a bakin kwata kusa da garejin, na amayar da duk abin da na ci. Da na ɗago sai na ga Madam tsaye a rana, ta riga ni fitowa. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe jakarta ta miƙo mini ruwa, ta kakkaɓe ƙurar da ke kafaɗata, ta ce za ta hau jirgin ƙasa ta koma. Na ce ta bari mu sauke ta, ta girgiza kai.

A mota ni da Kawu muka yi ta.

"Ke yanzu a kan gunki kike wannan abin? Haka aka koya miki a gida?"

"Kawu, ba bautarsa na ce a yi ba. Kayan sata ne. Daga jikin ginin mutane aka yanko su."

"Ni na sata? Da kuɗina zan saya."

"Wanda ya sayi akuyar sata ya san sunansa a unguwa. In ba ka son gunki ai sai ka bar musu kayansu, ba ka saya ka lalata ba. Da wani zai je ya ɓalle ƙyauren tsohon masallacinmu ya kai ƙasarsu ya yi teburin shan giya da shi, me za ka ce?"

"Kul! Kada ki haɗa masallaci da wannan."

"Ban haɗa ba. Ɓarawon na haɗa."

Dillalin ya ƙara ƙarar rediyo. Kawu ya juya yana kallon titi, can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Za ki yi zanen ko ba za ki yi ba?"

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ba zan yi ba."

Kafin in isa gida Hajiyarmu ta kira daga Kano. Ta ce ya gaya mata boko da zaman Dubai sun ɓata ni, har ina kuka a kan gumaka. Na ba ta labarin yadda abin ya faru tiryan-tiryan, har da tokar sigarin da yawun. Ta ce, "Kayan sata dai babu albarka. Amma yayana ne, kada ki ƙara ɗaga masa murya." Na ce to.

Washegari a ofis Madam ta nuna mini wayarta. Ashe lokacin da ta durƙusa ta ɗauki hotunan giwayen da rabin sunan nan. Ta aika wa wasu masu sa kai a ƙasarsu da suke bin sawun irin waɗannan duwatsu. Na tambaye ta ko mu kai ƙara a nan. Ta ce ta yi magana da wanda ya san hanya, an ce za a duba. Mu duka biyun baƙi ne masu zama da bizar aiki, kuma mun ga irin zobban da ke hannun mai siton, mun san ba ƙaramin mutum ba ne. Bayan 'yan makonni na bi ta wurin a tasi, na sa direban ya rage gudu. Ƙofar a buɗe take, siton cike da tayoyin mota, wasu mutane daban suna lodi. Masu sa kan nan sun amsa mata daga baya cewa suna zaton sun gane yankin da aka yanko giwayen, amma ba su tabbatar da ƙauyen ba. Iyakar abin da muka ji ke nan.

Kawu ya sayi ginshiƙin da giwayen, aka gurje kawunan giwayen kamar yadda ya nema. Mai rawar ya bar ta, wai tunda an cire fuskar ta daina yi masa kyau. Wani ya yi masa zanen a Kano.

Na ga ƙarshen duwatsun ne a bidiyo, ina tsaye cikin jirgin ƙasa a hanyar komawa gida daga aiki. 'Yar Kawu ce aka aurar, aka yi walimar a sabon ɗakin taron, 'yan'uwa suna ta turo hotuna a zauren danginmu na waya. Ashe ginshiƙin ya tsage a hanya, an yar da shi a bayan gini. Giwayen kuwa ba su shiga ƙofar ba, mai ginin ya ce ba su dace da tayil ɗin ba. Sai aka shafe su da fentin ruwan gwal mai ƙyalli, aka jera su a ƙasan fanfunan wanke hannu. Ga su nan ba kai ba fuska, kamar buhunan gero masu ƙafafu. Baƙi suna fitowa daga cin abinci suna wanke maiƙon miya a kansu, wani dattijo ya kuskure baki ya fesa, ya fyace majina, ruwan yana gangarowa ta bayansu da guntayen shinkafa. Wanda yake ɗaukar bidiyon yana cewa, "Ku ga aikin Dubai, Allah ya ƙara wa Alhaji arziki!"

Na kashe wayar, na sauka a tashar da ba tawa ba don in sha iska.

Ban nuna wa Madam ba, ita ma ba ta taɓa tambayata inda duwatsun suka ƙare ba. Mun ci gaba da aiki tare har ta yi ritaya ta koma ƙasarsu. Ni da Kawu muna gaisawa da Sallah, ina tambayarsa kasuwa, yana tambayata aiki. In ya zo Dubai yanzu, dillalinsa yake ba wa saƙon Hajiyarmu ya kawo mini ofis. Na je Kano sau da dama tun daga lokacin, an kuma yi bukukuwan dangi a ɗakin taron nan. Nakan je gidan amarya in yi Allah-sa-alheri, in ba da gudummawata, in dawo gida in ci abincin Hajiya.